Haƙƙin Tsuntsun da Ya Faɗo Hannunmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga wanda aka aiko domin jinƙai ga talikai.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Allah Ya sanar da mu a aya ta 38 ta Suratul An'am cewa tsuntsaye ma al'ummu ne kamar yadda muke. Al'umma kuwa ba ta rasa uwa da ɗa, da maraya, da majinyaci. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai don damuwa. Da Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya gani, sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta.

Magabata sun riƙe wannan da muhimmanci har ya shiga babin waƙafi. A birnin Fas na Maroko, asibitin Sidi Faraj da sarakunan Banu Marin suka gina a ƙarni na 13 yana da kason waƙafi na jinyar tsuntsaye dangin shamuwa. A Bursa ta Turkiyya, zamanin Usmaniyawa, an keɓe musu gida sukutum, inda waɗanda suka karye ko suka kasa bin ayari suke fakewa. Mu kuwa, abin takaici, yaro kan harbo kurciya da danƙo, ya ɗaure mata zare a ƙafa yana ja, manya na zaune ba mai tsawatarwa.

Sai dai tausayi shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin jinƙan da ba ilimi a cikinsa yakan kashe. Da yawa daga 'ya'yan tsuntsun da ake tsinta a gindin bishiya ba marayu ba ne. In gashinsa ya fito, yana 'yan tsalle-tsalle, to koyon tashi yake, iyayensa na kusa suna kawo masa abinci. A kore masa kyanwa, a ja da baya. In kuwa jajir yake, ba gashi, a nemi sheƙar a mayar da shi. Zancen da ake yi wai uwa za ta ƙi ɗanta in hannun mutum ya taɓa shi ba shi da tushe.

Wanda ya ji rauni, a lulluɓe shi da tsumma, a sa shi cikin kwali mai 'yan huji, a ajiye a wuri mai duhu da ɗumi, nesa da hayaniyar yara, domin firgita kaɗai na iya kashe shi. Kada a buɗe masa baki a ɗura ruwa: ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, sai ya ƙware, ruwan ya wuce huhu. Kada a ba shi madara, cikinsa ba ya narkar da ita. Kuma ba kowane tsuntsu ke cin gero ba. Akwai mai cin ƙwari, akwai mai cin nama. Fiffiken da ya karye a gaggauta kai shi ga likitan dabbobi, saboda ƙashin tsuntsu na saurin haɗewa, in ya haɗe a karkace ya rabu da tashi ke nan. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, a kuma nisanta shi da kaji, tunda murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006.

Ina roƙon alfarma ga mujiya a nan. Jifanta ake yi don camfi, alhali shari'a ta rushe camfi da tsuntsu, ita kuwa beraye take rage wa manomi.

Abin da ya fi wuya ga zuciya shi ne saki. Mai jinya yakan shaƙu, ya so ajiye tsuntsun a keji, amma manufar jinya ita ce ya koma cikin 'yan'uwansa. Saboda haka a rage taɓa shi, kada ya saba da mutane har ya daina gudunsu, ya faɗa hannun mai tarko. Idan ya iya tashi sosai, yana ƙoto da kansa, a kai shi inda aka tsince shi da sassafe, domin ya sami wuni guda na neman abinci da makwanci kafin dare. Mujiya kuwa sai da almuru.