Wa ke bin mai digirin shari'a bashi?

A Kamaru in ka ce Tcholliré, kurkuku ne ke fara faɗo wa mutane a rai, ba garinmu ba. A nan ne gwamnatin Ahmadu Ahijo ta riƙa tsare waɗanda ta kira masu zagon ƙasa, da yawa ba tare da sun ga alƙali ba. Dokar da ta yi musu wannan suna an fitar da ita a 1962, ba a soke ta ba sai 1990. Abin da ke hana ni sakat shi ne, waɗanda suka tsara ta ba jahilai ba ne. Masu ilimi ne, sun san yadda ake ɗinka wa zalunci riga ya fito kamar doka.

Shi ya sa da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, bayan shekarun da 'ya'yanmu suka yi suna tafiya Ngaundere karatun shari'a da kimiyyar siyasa, na yi murna, amma da saura. Ilimin doka wuƙa ne, yana bin hannun da ya riƙe shi.

Ga misali. Dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta ce tsarewar 'yan sanda ko jandarma awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Ɗalibin shari'a ya haddace wannan don jarrabawa. Matar da aka kama mijinta a kan rikicin gona da makiyaya ba ta taɓa jin sa ba, domin da Faransanci da Ingilishi aka rubuta, ita kuwa Fulatanci ko Hausa take ji. Irin su ne ke buga mana waya a rediyo, suna tambayar nawa za su kai a sake shi.

Wani zai ce ɗalibin ma yana da ciki, iyayensa sun sayar da masara da auduga don ya ci jarrabawar ENAM ya samu ofis a Yawunde. Gaskiya ne, ban ga laifinsa ba. Sai dai harajin matar nan yana cikin albashin malamin da ya koyar da shi. A ganina tana bin sa bashi, kuma biyan bai kai ya bar ofishin ba. Hutun ƙarshen shekara wata nawa ne? Kasuwa na ci kowane mako, mu kuma muna da makirufo da rabin awa da muke cikewa da gaishe-gaishe.