Sunan da Ake Miƙa wa Baƙo

Ma Yun yana yaro a birnin Hangzhou, yakan je ƙofar otal ya tari baƙi 'yan yawon buɗe ido, ya zaga da su gari kyauta don ya tsinci Turanci a bakinsu. A nan aka laƙaba masa Jack, saboda sunansa ya yi wa baƙin nauyi a harshe. Shi ne Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba a 1999. Chan Kong-sang kuwa a wurin gini ya samo nasa, a Canberra ta Ostareliya: wani magini mai suna Jack ya ja shi a jiki, aka yi ta ce masa ƙaramin Jack, har duniya ta san shi da Jackie Chan.

Waɗannan biyu laƙaba musu sunan aka yi. Yawancin 'yan Sin na yau masu sunan Turanci su ke zaɓa da kansu, galibi a ajin Turanci ko ranar kama aiki a kamfanin waje. A Hong Kong, wadda ta zauna hannun Ingila har 1997, abin ya kai ga shiga katin shaida.

Dalilin da kowa ke fara kawowa shi ne wuyar furuci, kuma gaskiya ne. Tsarin Pinyin, da Sin ta amince da shi a 1958 don rubuta harshenta da haruffan boko, ba don bakin Bature aka tsara shi ba. Harafin q ya fi kusa da c ɗinmu, x na kusa da sh, c kuma na kusa da ts. Ga karin sauti har huɗu a harshen Mandarin, wanda in aka kauce masa kalma ta koma wata. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don harshensa ma da karin sauti yake tafiya. Mutumin da aka raɗa wa suna mai nufin asuba ko dutse mai daraja, ya ji ana murɗe shi kullum har ya zama sauti marar ma'ana, ba a ga laifinsa ba in ya ce a kira shi Peter a huta.

Sai dai akwai abin da ya girmi Turanci a cikin lamarin, kuma shi ya fi jan hankalina. A tsohuwar al'adar Sin, sunan yanka ba abin kira ba ne ga kowa. Iyaye da manya ke da ikon ambatonsa. Namiji in ya kai shekara 20 sai a ba shi suna na biyu, wanda tsararraki za su riƙa kiransa da shi. Shahararren malaminsu Konfushiyas sunansa Kong Qiu, amma na girmamawar Zhongni. Mu da uwa ke jin nauyin kiran ɗan fari, mace ke sakaya sunan maigida, mun san wannan alkunyar. Har gobe a ofis a Sin ba a kiran shugaba da sunansa tsura: sai a haɗa sunan dangi da muƙami, ko a ce Lao Wang ga babba, Xiao Wang ga ƙarami. Sunan Turanci ya zo ya ba ma'aikata hanyar da ƙarami zai kira babba ba tare da raini ko shisshigi ba. Riga ce ta fita kasuwa, ta gida tana nan a ajiye.

Shi ya sa ba na shiga cikin masu dariya idan suka ji wata ta kira kanta Apple ko Rainbow. A Sinanci ma'ana ake bi wajen raɗin suna, da kalmomin yau da kullum ake gina shi, ita ma ƙa'idar gidansu ta bi. Kuma ba Turanci kaɗai suke yi wa haka ba. Masu sauraron sashen Hausa na Rediyon Sin sun saba da jin Bello Wang da Murtala Zhang. Sun ɗauki sunayenmu, sun riƙe na danginsu, mu kuma muna jin daɗi don mun ga girmamawa a ciki.

Inda zancen ke ɓaci shi ne lokacin da zaɓi ya koma tilas, malami ko mai ɗaukar aiki ya ƙi wahalar da harshensa na minti ɗaya, ya ce a kawo suna mai sauƙi. Wanda ya iya faɗin Schwarzenegger ba shi da hujjar kasa faɗin Zhang. A farkon 2017, a Jami'ar Columbia ta New York, an yayyage takardun sunaye daga ƙofofin ɗakunan ɗalibai masu sunayen Asiya. Ɗaliban Sin suka mayar da martani da wani ɗan bidiyo, kowa ya fito ya faɗi sunansa na yanka, ya bayyana ma'anarsa da burin da iyayensa suka ɗora a kai. Buƙatarsu ɗaya ce: a kira su da shi.