Malami Ko Abokai: Wanne Ɗalibi Zai Bi?

A kowace shekara, in lokacin cika takardun hukumar JAMB ya zo, akan sami gidaje da dama inda ɗalibi kan rasa barci saboda makarantu biyu. Alal misali, ga yaro a Katsina wanda tun yana ƙarami burinsa aikin likita. A gefe guda ga Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, da babban asibitinta na koyarwa wanda aka buɗe a 1957, amma can bai san kowa ba, harshe dabam, abinci dabam. A ɗaya gefen kuma ga wata makaranta kusa da gida, inda abokansa na tun firamare suka nufa, sai dai fannin da za a ba shi can ba shi ne yake so ba. Ubansa ya riga ya sayar da bijimin noma domin kuɗin karatun. To, ina ya kamata yaron nan ya dosa?

Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba. Shaihu Zarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim wanda almajirai suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya keɓe fasali guda a kan zaɓen ilmi da malami da aboki. Jerin nan yana da ma'ana. Ɗalibi ya fara sanin abin da ya fita nema, sa'an nan ya nemi wanda ya san abin, daga ƙarshe ya duba waɗanda zai zauna da su. Har ma ya kawo shawarar da aka ba wani mai niyyar zuwa Buhara, cewa ya dakata wata biyu yana nazari kafin ya zaɓi malami, don kada ya fara karatu ya bari.

Dalilin gabatar da malami a fili yake. Aboki ana yin sa a ko'ina, ko a layin karɓar abinci, ko a sahun masallaci. Amma ƙwararren malami da ɗakin gwaje-gwaje da asibitin koyarwa, ɗalibi ba ya iya ƙirƙiro su, sai dai ya bi su inda suke. Abin da ya sa Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ya taso tun daga Andalus zuwa Madina wurin Imamu Malik ke nan. An ruwaito cewa wata rana aka kawo giwa garin, ɗalibai duk suka fita kallo, shi kaɗai ya zauna, domin karatu ya kawo shi. Ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi yaɗuwa har yau. Haka kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, alhali ƙasarsu ba ta rasa 'yan'uwa da abokan hira ba.

Amma fa wannan bai nuna cewa maganar abokan zama wasa ce ba. Karatun likita shekara 6 ne, kuma mutum ba dutse ba ne. Akwai hadisi sananne a Buhari da Muslim wanda ya kamanta abokin kirki da mai sayar da almiski, mugun aboki kuwa da mai hura zugazugi, watau ko wanne sai ya bar wa mutum alama a jiki. Sau da yawa akan ga yaro mai hazaƙa ya tafi makaranta mai suna, kaɗaici ya dame shi, ya faɗa hannun waɗanda suka fara yi masa fara'a, ya komo gida ba takarda ba tarbiyya. Wanda ya san wannan rauni a kansa, in ya zauna kusa da gida ya ƙare karatunsa lafiya, bai yi laifi ba. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Wurin da ruɗu yake shi ne mutane kan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, watau daɗin zama da amfanin zama. Abokan da aka saba da su suna da daɗi, ba sai an sha wahalar sabo ba, amma sau nawa suka taɓa tashin ɗalibi da asuba don ya yi bita? Saboda haka ma'aunin shi ne: zama da mutanen nan yana ƙara wa karatu ƙarfi ko yana cinye shi? Haka nan kuma akwai ruɗu a ɗaya ɓangaren. Wani yakan ce ilmi ya bi, alhali sunan makarantar ya bi, domin a ce ɗan wane yana wuri kaza. Wannan shi ma son zuciya ne, ya sa rigar malamai kawai.

In aka komo kan yaron Katsina, abin da ya fi masa shi ne ya yi wa kansa tambaya uku tsakani da Allah. Shin aikin likitan nan da gaske yake son sa, har zai jure shekara 6? Shin ya tambayi waɗanda suka yi karatu a makarantun biyu, ko jita-jita yake bi? Shin in ya tafi, akwai wani babba mai mutunci da zai riƙa duba shi? Ibadan dai tana da unguwar Sabo, inda Hausawa suka daɗe da zama, saboda haka ba a rasa wanda za a damƙa wa amana. In amsoshin nan sun yi kyau, to ya ɗaure kayansa ya tafi, abokan ƙwarai za su jira shi, kuma zai sami wasu a can. In kuwa ba su yi ba, ya gaya wa ubansa gaskiya tun kuɗin bijimin bai salwanta ba.

Iyaye su ma nasu aikin shi ne ba da shawara da addu'a, ban da tilas, domin yaron ne zai zauna a aji. Allah Ya yi wa ɗalibai jagora, Ya haɗa su da malamai da abokai na gari, amin.