Kada Ki Dawo Da Maigida Ta Hanyar Shaidar Zur

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. 

A wani zaman karatu da muka yi a Garu, cikin ƙaramar hukumar Illela, wata baiwar Allah ta ja ni gefe tana hawaye. Mijinta mutumin ƙasar Konni ne, 'ya'yansu huɗu. An kama shi ba takardun zama, hukuma ta mayar da shi Nijar. Yanzu dangi sun ba ta shawara: ta je kotu ta yi rantsuwa cewa a Garu aka haife shi, a samo masa takardar ɗan asali da wani suna, ya dawo salin-alin. Ta ce, "Malama, ai mijina ne, ina laifi?"

'Yar uwa, na san abin da ciwo. Mu mutanen bakin iyaka jininmu ɗaya da na ƙetare, ran Lahadi a kasuwar Illela ba ki bambanta ɗan Konni da ɗan gida. Kuma raba iyali ba yau aka fara ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, har da 'yan Nijar masu yawa. An rufe wannan iyaka a 2019 sai ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 sai Maris 2024. Amma zafin rabuwa ba ya halatta ƙarya.

Allah (SWT) a Suratul Hajji, aya ta 30, ya haɗa hani ga ƙazantar gumaka da hani ga maganar zur a wuri guda. A hadisin Abu Bakrata (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. To ke da za ki ɗora hannu ki rantse, da wanda ya sa hannu, da wanda ya karɓi na goro, duk kun shiga ciki. Ran da asiri ya tonu kuwa, shi ya ƙara laifi a kan laifi, ke ma kin jefa kanki hannun hukuma. Wa zai riƙe yaran?

Ku tuna sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Abu Jandal (RA) ya gudo daga Makka da mari a ƙafa, amma Annabi (SAW) ya mayar da shi saboda alkawarin da aka ƙulla, ya umurce shi da haƙuri, kuma Allah ya kawo masa mafita. Annabi bai nemo wata dabara ta ɓoye ba.

To mene ne abin yi? Na farko, ki sani aurenku yana nan, kora ba saki ba ce, kuma ciyarwa tana kansa duk inda yake. Na biyu, 'ya'yanki 'yan Nijeriya ne ta wajenki bisa sashe na 25 na tsarin mulkin 1999, ba su bukatar ƙaryar kowa. Na uku, ki je ofishin shige da fice da takardar shaidar aure, a tantance ko umurnin kora aka rubuta masa ko kuwa mayar da shi kawai aka yi. In umurni ne, ba ya halatta ya shigo sai an janye shi, kuma wannan yana hannun Ministan Cikin Gida. Ki nemi lauya ya rubuta koke, a faɗi gaskiyar korar, kada a ɓoye. Ma'aikatar tana da izinin zama na musamman ga baƙon da ke auren 'yar Nijeriya. Na huɗu, kafin a gama, ba aibi ba ne ki bi mijinki can in akwai aminci da wurin zama.

Akwai kuma gyara a wuyan shugabanni. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya ba, kuma a Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran. Wannan mu kai kukanmu ta ƙungiya, a fili. Sannan iyaye, kafin ku ɗaura wa 'yarku aure da baƙo, bayan addini da hali ku tambayi takardunsa.

Allah ya haɗa kan iyalan da suka rabu, ya tsare harsunanmu daga ƙarya, ya ba mu haƙurin bin halal ko da ta yi nisa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.