Sulallan Inna

'Yar'uwa, tambaya na zo miki da ita yau, don ni kaina ta hana ni barci kwana biyu. Idan mutum ya ce "na sayar" alhali bai san darajar abin da ke hannunsa ba, shin ya yarda ke nan?

Bayan rasuwar kakata Inna, Allah ya jiƙanta, muka je ƙauyenmu da ke gefen Dambatta kwashe ɗakinta. A ƙarƙashin gado muka tono wani tsohon gwangwani cike da kuɗin da. Ga anini da kwabo masu huda a tsakiya, ga taro, ga sisi, ga sulalla. Tun kafin ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo aka fara sallamar waɗannan kuɗi, amma Inna ta ƙi rabuwa da nata. Gumin man gyaɗa ne da ƙuli-ƙuli, wasu kuwa gado ta yi wurin tata uwar.

Damina ta matso, Yaya na neman kuɗin taki, sai magada suka wakilta ni in kai su Kasuwar Kurmi. Ni kuwa sarkin azarɓaɓi, na kwana ina dirzar rabinsu da toka da lemon tsami, wai su yi ƙyalli. Da na juye su gaban wani dattijo mai sayar da kayan tarihi, sai ya riƙe baki.

"Haba Hajiya, wa ya aike ki? Ai wanda kika wanke kin kashe shi."

Ashe masu tara irin wannan kuɗi ba ƙyalli suke bi ba. Shekara suke dubawa, su duba ko rubutun ya suɗe, ko kambin sarki na nan raɗau, ko baki ya ɓantare, ko an taɓa huda shi don sarƙa. Wanda aka goge kuwa duk ƙarce ne a idon masani. Ya ture kwabbai gefe, har da masu sunan Sarki Edward na Takwas na 1936, wanda ya sauka daga sarautar Ingila tun shekara ba ta ƙare ba. Na zaci su ne zinariyar gwangwanin. Ya ce an buga su da yawan gaske, kuɗinsu kaɗan ne. Sannan ya tsinci wasu sulalla baƙi-baƙi masu hoton bishiyar kwakwa, na 1913 zuwa 1919, ya cilla ɗaya a kan siminti, ta yi ƙara siririya. Azurfa ce, in ji shi. Daga 1920 ne aka koma buga su da tagulla. Waɗannan 'yan ƙwayoyin sun fi duk sauran kuɗi.

Da ya ga dama, wallahi da ya saye gwangwanin jimla, in tafi ina sa masa albarka.

To ga inda gizo ke saƙar. Da labari ya bazu a ƙauye, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, ta aiko jikarta da ƙullin tsumma. Wai in taimaka in karɓa, in ba ta ko kuɗin kwano biyu na gero ne. Na kwance, sai ga baƙaƙen sulalla sun fi na Inna yawa.

Kada in yi miki ƙarya, zuciyata ta raya min abubuwa. Ita ta kawo, ita ta yanka kuɗi, ban matsa mata ba. Ilimin ma ai da kuɗin mota da asarar rabin gwangwani na saye shi. Kuma wane ɗan kasuwa ne ke faɗa wa mai kaya ribar da zai ci? In haka ne ai da babu mai sarin hatsi a kasuwar Dawanau. Wannan hujja ba ta banza ba ce, har yanzu ban ce mai sari ɓarawo ne ba.

Sai dai manomin da ya kai gero kasuwa yana jin farashi da kunnensa. In ya karya, da saninsa ya karya. Goggo kuwa ba ta ma san tana da abin karyawa ba. Na tuna a Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Ashe ni ce zan zama mai tarar hanya, a zauren gidan kakata. Kuma ba ni ta amince wa ba, fuskar Inna ta duba.

Da safe na ɗauki ƙullin na shiga wurinta. Na ce, "Goggo, kada ki bari kowa ya wanke su. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga birni, ki haɗa ni da jikanki babba, a yi cinikin a gabansa." Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, geron fa?" Dole na fara auna mata kwano biyun daga rumbun Yaya, wanda har yau bai daina yi min mita ba.