Wutar Girkinmu Tana Cikin Gonakinmu

Manoman Anka, Gummi da Bukkuyum! Bayan girbi, idan an ware harawar dabbobi da karan shinge, me ke saura? Bambaron shinkafa a fadamun Gummi, guntayen karan dawa da na masara, ga kashin shanu jibge a garke. Da yawa wuta ake cinna musu, alhali matanmu na sayen icce da tsada, ko su shiga daji mai haɗari.

To, wannan tarkacen makamashi ne. A gina rami da bulo da siminti, ko a samu babbar ganga. A daddatsa karan ƙanana, a jiƙa, a haɗa da ɗanyen kashin shanu da aka dama da ruwa daidai wa daida. Sai a toshe ko'ina, kada iska ta shiga. Ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin za su ruɓar da haɗin, bayan 'yan makonni gas ya taru a sama, fiye da rabinsa irin wanda ke kama wuta. A jawo shi da tiyo zuwa murhu: harshen wuta shuɗi, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Ƙwayoyin sun fi kuzari a zafin da ya kai maki 35 a ma'aunin Celsius, zafi kuwa Allah Ya hore mana. Abin da ya fito daga ramin kuma taki ne, ya koma gona.

Miliyoyin gidaje a ƙauyukan Indiya da Sin da irin wannan gas ɗin suke girki. Nan kusa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana nazarinsa tun shekarun 1980.

Aikin na son kula. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don gano yoyo, kuma kada kowa ya kuskura ya shiga ramin, iskar cikinsa na kisa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magina, masu walda, manoma da makiyaya, ku haɗa kai. Ƙungiyoyin mata, ku yi adashi. Ku nemi masana su nuna muku, ku gina ramin gas na farko a unguwarku kafin kaka mai zuwa.