Wasiyyar Uwargida

A wani gari da ke gabashin Kano an yi wani magidanci, ɗan kasuwar hatsi, ana ce masa Malam Sule. Matansa biyu: uwargida Talatu, wadda ta haura shekara hamsin, da amarya Ladi, mai shekara talatin da 'yan kai. Zamansu irin na kishiyoyi ne. Ba a faɗa a fili, amma kowa da murhunta, gaisuwar safe ma sai ta kama dole.

A ƙarshen watan Oktoba na 2023, Binta 'yar Ladi, mai shekara tara, ta dawo daga makaranta da saƙo. An ce masu rigakafi za su zo su yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, kyauta, kuma sau ɗaya tak. Kano na cikin jihohin da aka fara da su a wannan watan.

Malam Sule ya ture kwanon tuwo gefe. "Ba da 'yata ba. Me ya sa sai mata? Me ya sa sai waɗanda ba su yi aure ba? A kasuwa kowa ya san maganar, so ake a kashe musu mahaifa. Mu da muka ga abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996, lokacin sanƙarau, ba za a sake yi mana ba."

Ladi ta ce, "To, Malam." Talatu tana bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta tanka ba.

Ashe a lokacin Talatu na ɗauke da abin da ba ta gaya wa kowa ba. Shekara uku da ɗaukewar al'adarta, sai ga jini ya dawo, yau kaɗan, gobe babu. Daga baya wani ruwa mai wari ya biyo, ga ciwon mara da na ƙugu. Abin da ya fi damunta shi ne sallarta, don haka malamar Islamiyya ta fara tambaya. Malama ta ce jinin ciwo ne, ta ci gaba da salla, amma ta je asibiti. Talatu ta riƙe rabin farko na amsar, ta bar na biyu. Ina ita ina buɗe jikinta gaban likita, tana da surukai da jikoki? Mai maganin gargajiya ya ce sanyi ne, ya ba ta saiwoyi. Mai kemis ya ba ta kafso. Ta riƙa turara ɗakinta safe da yamma don kada a ji wari. Haka aka ci shekara guda.

Da kaka ta 2024, tana sheƙar gero a tsakar gida, jiri ya kwashe ta ta faɗi. Ladi ce ta ɗaga ta, ita ce kuma ta ga zanen jiƙe da jini. Daga babban asibitin garin aka tura su asibitin koyarwa a birni. Aka ƙara mata jini, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likita, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da Malam Sule.

"Baba, sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa, ta wuce inda tiyata za ta iya cire ta. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce mata HPV, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta."

Fuskar Malam Sule ta sauya. "Likita, me kike nufi? Matata fa, shekara talatin da biyar muna tare."

"Na san abin da ya zo maka a rai, Baba, ka cire shi, kada ka ɗauki alhakinta. Kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, wannan ƙwaya ta taɓa shiga jikinsa bai sani ba. Namiji kan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, ya kai wa matarsa, ko matansa. A jikin yawancin mutane takan mutu da kanta cikin shekara ɗaya ko biyu. A jikin wasu kuwa sai ta maƙale, ta yi ta sauya naman bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Iri biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan ciwo. Maza ma ba su tsira ba, tana kawo sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta mazakuta."

Malam Sule ya sunkuyar da kai. "Ashe ma ta yiwu ni ne."

"Ba wanda zai iya cewa wane ne, kuma neman mai laifi ba zai rage mata ciwo ba. Abin da ke ba mu takaici shi ne shekarun nan da ƙwayar ta yi tana aiki a ɓoye. Da Inna ta zo gwaji ko sau ɗaya a cikinsu, da an kama abin tun bai zama komai ba. A Nijeriya, a shekarar 2020 kaɗai, mata kusan 12,000 aka samu da wannan ciwo, kusan 8,000 suka rasu. Yawancinsu sai ya ci jiki suke zuwa mana."

Daga nan aka shiga jinya. Aka rubuta gashi da na'ura da allurai masu zubar da gashin kai. Na'urorin gashi ba su da yawa a ƙasar, sai an bi layi, wani lokaci a je a tarar ta lalace. Buhunan da Malam Sule ya ajiye don bazara suka tafi, bijimai biyu suka bi su, daga ƙarshe gonar fadama. Babbar 'yar Talatu ta baro ɗakin mijinta ta tare a asibiti, ƙaramin ɗanta ya bar makaranta ya koma tsaron rumfa. Mutum ɗaya ke kwance, gida duka ke jinya.

Wani dare Ladi na goge mata jiki, Talatu ta kama hannunta.

"Ladi, zauna. Tsakanina da ke an sha zaman doya da manja, ki yafe mini."

"Haba Yaya, ni ce mai neman gafara."

"To ki ji. Miji ɗaya muke aure. Abin da ya same ni yana iya kasancewa a jikinki. Kunya ce ta kai ni nan, kada ta kai ki. Gobe ki je a duba ki. Binta kuma a yi mata allurar nan. Ranar da Malam ya hana, jinin nan yana jikina, na yi shiru. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kada ke ma ki yi shiru."

Washegari Ladi ta je, gabanta na faɗuwa. Ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan khal a bakin mahaifarta, ta haska fitila. Wani ɗan wuri ya yi fari. Ta ce, "Wannan bai zama sankara ba, amma hanyar ya kama." Aka ɗora wata 'yar na'ura mai zafi a wurin, aka ƙone shi cikin 'yan mintoci, ba tiyata, ba kwanciya. Aka ce ta dawo bayan shekara a sake dubawa. Da ƙafarta ta koma gida ta ɗora tukunya.

Malam Sule ya sake neman likita. "Likita, tambaya ɗaya ta rage mini. Allurar nan, da gaske ba ta hana haihuwa?"

"Tambayarka daidai ce, Baba, wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya bincika. Tun 2006 ake yin wannan allura a duniya, an yi wa miliyoyin 'yan mata. Ostireliya ta fara yi wa 'yan makarantarta a 2007, da yawa daga cikin waɗancan yaran yanzu iyaye ne. Ana yi wa ƙanana ne saboda allurar ba ta kashe ƙwayar da ta riga ta shiga jiki, hana ta shiga take yi, shi ya sa ake so a riga aure. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne ciwon da ke ɗakin can."

Da kansa ya riƙe hannun Binta zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu aka yi mata. Talatu ta ji labari, ta ce alhamdu lillahi. Ba ta kai damina ba, Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki, masu ta'aziyya suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Malam Sule ya ce, "Haka ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma ba mu hankalin nema. Ni na saurari 'yan kasuwa a kan abin da ba su sani ba, na bar masu sani. Kowa ya koma gida ya tambayi iyalinsa lafiyarsu." A cikin gida kuma Ladi na gaya wa mata yadda gwajin yake, har mata shida suka sa ranar zuwa tare.

Darasin a fili yake. Ƙwaya ɗaya ce ta zagaya gida ɗaya, amma lokacin da aka tare ta ya bambanta: an riga ta a kan Binta, an cim mata a hanya a kan Ladi, an makara a kan Talatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 wannan ciwo ya kashe mata kusan 350,000, alhali yana cikin sankarorin da aka fi iya hanawa. Iyaye, ku kai 'ya'yanku mata rigakafi tun suna shekara tara. Mata, daga shekara talatin ku je gwaji ko kuna jin lafiya ƙalau, kuma duk wadda ta ga jini bayan saduwa, ko bayan ɗaukewar al'ada, kada ta kwana biyu ba ta ga likita ba. Magidanta, ku ba da izini, ku ba da kuɗin mota, ku raka su.